Mama, Kin Sha Ruwa Yau?

Ku huɗun nan da kuke zuwa shagon Kawu Isiyaku bayan an tashi daga makaranta kuna cewa a koya muku naɗar murya, ku nake rubuta wa wannan. Da baki ba zan iya ba. Kun dai gani, ko gaishe ni kuka yi sai in kalli takalmanku. Kwanaki na ji ɗayarku, mai jan hijabin nan, tana cewa, "Ba danna maɓalli ba ne kawai a yi magana?" Tun ina firamare nake wannan aiki, ga shi yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma har yau akwai kiran da sai na goge shi na sake, na goge na sake, kafin in bar shi ya fita kasuwa. Na kuma san abin da ya kawo ku. Kun ji labarin kiran da ya buɗe ƙofa a kasuwarmu, kuna son ku zama kamar Rifkatu. To, ni na ƙirƙiri wannan kiran, amma ba muryata ce a ciki ba. Zan zo kan wannan. Ku fara jin aikin tukuna.

Lasifikar hannu ita ce gonarmu. Kun san ta, wadda 'yan kasuwa ke ratayawa a sandar lema ko a hannun baro. Tana da jan maɓalli guda. Idan aka danna ta ɗauki magana 'yar kaɗan, sai ta yi ta maimaitawa har batir ya mutu. Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyata, yana sayar da su yana gyara su a shagonsa na unguwar Ali Kazaure a nan Jos. Mai saye zai iya sa muryarsa da kansa, amma yawanci idan mutum ya ji kansa yana fitowa daga bakin ƙarfe sai kunya ta kama shi, ko ya tarar muryar ta dishe tun safe. Shi ya sa ake neman mu. Idan kun taɓa jin "Maganin ɓera, maganin kyankyaso, ya ci ya kwanta, ya shinshina ya yi ƙaura," ni ce. "Suwaita mai kauri, sanyin Jos ya ji kunya," ni ce. Masu baro sun kai muryata unguwannin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Mai maganin ɓeran nan shi ne aikina na farko. Kawu ne ke yin kiran a da, sai hayaƙin dalma ya sa masa tarin da ya cinye masa murya. Ya ji ni ina karanta aikin gida a bayan shago, ya ce, "Zulai, zo ki shiga nan." Ya buɗe tsohon kabad ɗin kaya da ya lulluɓe cikinsa da bargo, wanda kuka yi wa dariya ranar farko. A cikinsa ake naɗa, saboda ƙarar keke da injin markaɗen maƙwabta. Na shiga, ya rufe, duhu da warin kafur. A nan na gano cewa idan babu idon da ke kallona, bakina yana buɗewa. Na fito, mai maganin ya saurara, ya ce, "Wannan muryar ko ɓera zai yarda da ita."

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma kowace sai an sha wuya ake riƙe ta. Ba a cin gyaɗa kafin a shiga kabad, tana maƙalewa a maƙogwaro. Ba a naɗa idan ana ruwa, domin rufin shagon kwano ne, ruwan Jos kuwa idan ya zo da ƙanƙara sai a ji kamar ana soya kiran. Tsakanin baki da lasifika a bar faɗin tafin hannu, in ba haka ba duk inda iska ta fita daga leɓe sai ta buga kamar an fasa leda. A danna, a haɗiye yawu, sannan a fara. Kuma ba a karɓar aiki sai an ga kayan. Wani mahauci daga Abatuwa ya taɓa zuwa ya ce, "'Yar Kawu, ki sa mini murya mai kitse." Na bi shi har teburinsa, na tsaya gefe ina kallon masu saye. Na lura duk matar da ta zo sai ta tambayi ƙashin miya kafin tsoka. Na sa masa ƙashi a farkon kira. Har yau idan ya gan ni sai ya ɗaga wuƙa sama ya ce, "Mai kitse!"

Amma babban abin da Kawu ya koya mini shi ne gurbi. Wata rana ya kai ni kasuwa ya tsayar da ni tsakanin masu tumatir biyu. Lasifikar ɗaya tana zuba ba tsayawa, da ta kai ƙarshe ta koma farko. Ɗayar kuwa tana yin kira sai ta yi shiru. Ya ce, "Kalli bakin mata." Na kalla. A wurin mai zubar nan, mace ta buɗe baki za ta yi tambaya, ƙarfe ya rufe ta, sai ta wuce. A wurin ɗayan, cikin shirun nan ake cewa, "Malam, yaya kwandon?" Kawu ya ce, "Wannan shirun shi ake kira gurbi. Kira na jawo ƙafa, gurbi ke buɗe baki. Idan ya gajarta kin kori mai saye, idan ya yi tsawo an ɗauka batir ya mutu." Ba a auna shi da agogo. Kowane kaya da nasa. Na mai gwanjo gajere ne, domin masu sayensa hannu suke sawa ba baki ba. Na mai magani dogo ne, domin mai ciwo sai ya waiga ya ga ba a kallonsa kafin ya yi magana.

Shekarar da aka yi rikici aka sa dokar hana fita, ita ce muguwar shekararmu. Kasuwa ta rufe, mutane suka gudu suka bar lasifikoki a rumfuna da batir a ciki. Da aka sassauta, aka riƙa kawo su a buhu, batiran sun fashe sun yi kore, Kawu yana kankarewa da waya yana tari. Aiki ɗaya na naɗa a wannan lokacin, cigiyar wani tsoho da ya fita bai dawo ba. Ɗansa ya faɗa mini kalar rigarsa da tabon da ke goshinsa. Na bar dogon gurbi a ƙarshe. Ban taɓa jin an amsa ba.

Kasuwarmu ƙarama ce, lambatu ya raba ta biyu. Kafin wannan shekarar, matan garin Kuru masu kabeji da karas da dankalin Turawa suna zama a cakuɗe da matan unguwarmu masu manja da kayan miya. Bayan an dawo, ba wanda ya ce a rabu, amma kowa ya ɗauki tirensa ya koma ɓangaren nasa. Har lasifikoki aka juya, kowace ta ba lambatu baya. Ni kuwa ina yi wa kowa aiki. Mama Kaneng, wata mai kabeji daga Kuru, takan ce mini, "'Yata, kar ki sa mini Hausan makaranta, sa wanda zai kawo kwastoma." Hajiya Laure mai manja kuma takan ce, "Ki yi a hankali, ni ba 'yar talla ba ce." Muryata kaɗai ke tsallake lambatun nan ba a tambaye ta daga ina take ba. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Malam Tanko mai fiya wata shi ya fara kawo mini labarin, ba tare da ya sani ba. Ya zo da lasifikarsa ya ce, "Zulai, ƙara wa kiran nan sanyi. Ruwa ya daina tafiya." Kiran ba shi da laifi, na sani. Sai na je na duba. Na ga maza na saye, mata ba sa saye. Na ga leɓen Hajiya Laure ya tsage tana danne shi da goro. Na ga Mama Kaneng tana gatsa ɗanyen karas tana tsotsa, ga gorar ruwanta a cike a ƙarƙashin tebur. Na ga Talatu mai tattasai, da tsohon cikinta, tana tattara kaya tun kafin azahar. Sannan na kalli banɗakin mata da ke bakin lambatu, a tsakiya, na ga sabon kwaɗo a ƙofar.

Kwamitin kasuwa ne ya kulle, wai za a yi gyara. Gyaran bai zo ba, sai ƙugin firiza aka riƙa ji daga ciki. An ba wani mai kifi ya yi sito. Maza suna da inda za su, mata ba su da shi, don haka suka daina shan ruwa daga safe har su koma gida. Hajiya Laure ta je wurin ciyaman ɗin kwamitin da matan ɓangarenta. Ya sa aka shigo da su gaban maza cike da ofis, ya ce, "Hajiya, faɗi matsalar a fili kowa ya ji." Ta fara kame-kame, ya ce, "Haba Hajiya, ke da girmanki, irin wannan maganar a gaban maza?" Suka fito. Mama Kaneng ta je da nata matan wata rana daban, ya yi musu haka. Kwaɗon nan ƙarami ne, ko ni zan iya fasa shi da dutse. Kunya ce ke gadinsa, kuma ciyaman ya san haka.

Ranar da suka zo shagon Kawu tare, ina share bargon kabad. Hajiya Laure a gaba, Mama Kaneng a baya, sai wata yarinya sa'ata ɗauke da buhun lasifikoki a ka. Ita ce Rifkatu, 'yar Mama Kaneng. Doguwa, goshinta na sheƙi, kuma tana kallon mutum cikin ido kamar ta biya kuɗin kallon. Ta ajiye buhun ta ce, "Sannu Kawu, sannu ƙawata," alhali ba ta taɓa ganina ba. Na lura safarta ta hagu ta huje a diddige.

Abin da suke so shi ne ranar Asabar, duk lasifikar da ke hannun mace a kasuwar ta faɗi magana ɗaya. Maganar ce ta gagara. Rifkatu tana ƙungiyar muhawara a makarantarsu, ta miƙe tsaye ta zuba: haƙƙi, 'yanci, mutunci, da wasu na Turanci. Hajiya ta ce, "'Yar nan, wannan ai sai a ɗauka zaɓe ya zo." Kawu ya ce to a faɗi abin kai tsaye mana, a ce a buɗe banɗaki. Hajiya ta riƙe baki. "Isiyaku, ka rufa mini asiri. Surukina yana wucewa ta gaban rumfata. In rataya wannan kalmar a lemata?" Mama Kaneng ta ce, "Ni ma a zumuntan mata ina gaba. Fasto ya ji wannan a kan kabeji na, ina zan sa fuska?" Suka yi ta juyawa. Ana son maganar da za ta faɗi komai, wadda kuma Hajiya za ta iya ɗaga murya da ita ba ta sunkuyar da kai ba.

Ni ina tsugune, ina tuna gorar nan da ke ƙarƙashin tebur. Na faɗa wa ƙasa, a hankali, "A tambaye su ko sun sha ruwa."

Rifkatu kaɗai ke kusa da ni. Ta juyo ta ce, "Me kika ce?" Na maimaita, ƙasa da na farko. Sai ta juya wurin uwarta, ta buɗe wannan bakin nata ta ce, "Mama, kin sha ruwa yau?"

Mama Kaneng ba ta ma san an fara ba. Ta ce, "Ban sha ba."

Hajiya ta ce, "Ni ma rabona da shi tun asuba."

Na sake raɗawa, Rifkatu ta sake ɗagawa. "Me ya hana ki?"

Suka haɗa baki, su biyun, "An kulle!"

Hajiya ta dafa kafaɗar Rifkatu ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kaneng, kin haifi 'ya." Rifkatu ta nuna ni ta fara cewa, "Ai ita ce," amma Hajiya ta riga ta juya tana kwance buhu.

Ban damu ba a lokacin, domin aikin na gabana. Na sha ruwan ɗumi, na ɗauki lasifika mafi kyau, na buɗe kabad zan shiga. Hajiya ta ce, "A'a Zulai, ba ke ba."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

Ta ce, "Kar ki ji haushi. Muryarki ta maganin ɓera ce. Duk kasuwar nan an saba da ita, kunne ya daina tsayawa. Kika ce kin sha ruwa, za a ɗauka Tanko ne ya sake kira. Muna son wadda ba ta taɓa sayar da komai ba."

Na kalli Kawu. Yana goge bakin wata lasifika da tsumma, bai ɗago ba. Da ƙarya ta faɗa, da ya yi magana.

Haka muka shiga kabad mu biyu, ni da Rifkatu, gwiwa na gugar gwiwa. Tana warin man kwakwa. Ta ce, "Kai, a nan kike zama? Kamar akwatin gawa." Na riƙe lasifikar, ita ta yi magana. Ta ci gyaɗa a hanya, na ji. Ta kai baki kusa ƙwarai, na tura goshinta baya da yatsa. Sannan ga gaggawa: da ta gama tambayar farko sai ta afka ta biyu. Na ce, "Ki bari a amsa." Ta ce, "Wa zai amsa a cikin kabad?" Na kama hannunta na ce idan na matsa ta yi shiru, sai na saki ta ci gaba. Wannan gurbin ya fi kowane wuya a aikina. Ba na mai saye ba ne, na macen da ba ta taɓa ɗaga murya a kasuwa ba ne. Sai ta ji tambayar, ta waiga ta ga ta kusa da ita, ta ja numfashi, sannan ta amsa. Na sa Hajiya Laure a raina, da nauyin jikinta da nauyin bakinta, na auna da ita. Na matsa hannun Rifkatu har sai da ta ce, "Wash, Zulai, za ki karya ni." Muka yi ta sakewa. Muryarta tana ɗan tsagewa a kan "yau". Na so in ce a gyara, na saurara, na ga tsagewar ce ke sa gashin jiki tashi. Na bar ta. Daga wannan lasifikar muka zuba wa sauran, baki da baki, don gurbin kowace ya zo daidai.

Asabar da hantsi, kasuwa ta cika, Mama Kaneng ta ɗaga lemarta sama. Alamar ke nan. Aka juya lasifikoki suka fuskanci lambatu daga ɓangarorin biyu, aka danna. Ina tsaye bayan baron Malam Tanko.

"Mama, kin sha ruwa yau?"

Ba wanda ya amsa. Gurbin nan ya buɗe a tsakiyar kasuwa, babu komai a cikinsa sai kukan kaza. Tambaya ta biyu ta zo, ta wuce. Kiran ya zagayo, aka sake yin shiru. Wani mai doya ya yi dariya ya ce, "Batir ya mutu ne?" Na ga Hajiya tana gyara kwalaben manja waɗanda a gyare suke. Na fara cewa a raina na yi tsawo, na ɓata musu.

A zagaye na gaba, can ƙarshen gurbin, daidai inda da na gajarta da an rufe ta, wata siririyar murya ta ce, "Ban sha ba." Talatu ce mai tattasai, hannunta ɗaya a kan ciki.

"Me ya hana ki?"

Wannan karon Hajiya ce, da muryar da ban san tana da ita ba. "An kulle!"

Daga nan ba a sake barin gurbi fanko ba. Matan kabeji da matan manja, amsa ɗaya, numfashi ɗaya. Masu saye suka ajiye kwanduna suka shiga. Wata ma'aikaciya da jakarta a kafaɗa ta tambayi me aka kulle, aka nuna mata da baki, ta cire tabarau ta shiga amsawa. Mahauta suka daina sara. Babu kalma ɗaya a ciki da za a ce ta rashin kunya ce, kuma babu namijin da bai gane ba. Na ga maza suna kallon ƙasa, irin kallon da nake yi.

Ciyaman ya aiko samari su tattara lasifikokin, wai ana damun jama'a. Suka bi rumfa rumfa suna cirewa, ƙarar tana raguwa, har ta ƙarshe ta mutu a tsakiyar tambaya. A nan ne Rifkatu ta taka buhun dankali, ta hau kan tebur, ta sa hannu biyu a baki. Ba bargo, ba duhu, idon kasuwa duka a kanta, har da na samarin. "Mama, kin sha ruwa yau?" Kuma ta sauke hannu ta jira. Ina kallon hannunta na dama, ta damƙe shi da na hagu tana matsawa, daidai inda na riƙe. Safar nan mai huji ce a ƙafarta. Ba wanda ya gani sai ni.

Kafin la'asar aka kawo makulli. Samarin da suka kwashe lasifikoki su aka sa suka jawo firizoji waje. Mata suka shiga da tsintsiya da bokiti, na ɓangaren nan da na wancan, suna faɗa a kan wa ya fi iya wanki. Malam Tanko ya buɗe baro ya ce kowa ta sha, aka yi ta fasa leda da haƙori.

Aka dawo da lasifikoki. Rifkatu ta ɗauki ɗaya, ta kunna ta yadda ake magana kai tsaye, ta ce, "Iyayena, ku saurara. Wannan maganar ba tawa ba ce. Ga mai ita." Ta ratso mutane, ta kamo ni daga bayan baro, ta jawo ni har bakin ƙofar. Ta sa mini lasifikar a baki. "Oya Zulai, yi musu magana."

Abin da nake so ke nan tun ranar kabad. Ga shi a hannuna. Na bar faɗin tafin hannu, na haɗiye yawu, komai bisa ƙa'ida. Na ɗago na ga idanu. Na ga silifas ɗin Hajiya, na ga takalmin roba na Mama Kaneng da jar lakar Kuru a jiki. Bakina bai buɗe ba. Numfashina kaɗai ke fita ta bakin ƙarfen, kowa na ji. Shirun ya kai tsawon na mai gwanjo, ya wuce, ya kai na mai magani, ya wuce.

Sai Mama Kaneng ta ɗaga ledar ruwanta daga baya ta ce, "Mun sha!"

Matan nan sun wuni suna koyon abu ɗaya: idan lasifika ta yi shiru, nasu ne. Suka ɗauka gaba ɗaya, "Mun sha!" Aka yi guɗa, aka yi dariya, wata ta rungume ni har hijabina ya karkace. Da na gyara shi, sun riga sun ɗaga Rifkatu sama.

Ita mai rediyo ya yi wa tambayoyi. Ita aka gayyata taron mata a wani otal, ta dawo da riga mai rubutu da jaka. A kasuwa yanzu ba a kiranta Rifkatu, sai "Kin-sha-ruwa". Na ji matan wata kasuwar ma sun ari tambayar da aka kulle musu famfo, kuma can ɗin ma sunanta suke faɗa. Duk inda aka tambaye ta takan ce, "Ni da ƙawata Zulai ne," mai tambaya ya ce madalla, ya ci gaba da kallonta. Ba ni da abin da zan kama ta da shi. Da ta ƙwace yabon ta yi shiru, da na san inda zan ajiye haushin.

Yanzu rabin masu zuwa shagon nan cewa suke, "Kawu, muna son muryar yarinyar nan ta Kuru." Shi ya sa kuke ganinta ranar Asabar. Mukan shiga kabad tare, ta yi magana, ni in riƙe hannu. Mai maganin ɓera dai bai sauya ni ba. Mama Kaneng kuma ta sayi sabuwar lasifika don kabeji, ta ajiye tsohuwar a ƙarƙashin tebur ba ta goge ba, ta ce ko kwaɗo zai dawo. Lokaci lokaci takan kawo ta in cire batir in duba. Nakan shiga kabad in kunna sau ɗaya. Muryar Rifkatu ce, da tsagewarta. Tsakanin tambaya da tambaya kuwa, idan aka kasa kunne sosai, akwai wani ɗan numfashi a baya. Wannan nawa ne.

To, mai jan hijabi, gobe ke za ki fara shiga. Kada ki ci gyaɗa. Ba za ki yi magana ba tukuna, za ki riƙe lasifika ne ki koyi jira. Idan kuma Rifkatu ta zo, ki kalli yadda take tsayawa, wannan ba ni da shi da zan ba ki. Amma kada ki kwaikwayi bakinta. Har yau tana kai shi kusa da yawa. Na faɗa mata sau ɗaya, ban sake ba.